Allurar da Ta Ƙi Sauka

Kai da ke karanta wannan, kada ka ce ba ka gani ba. Ka gani. In dai ka taɓa zama a tashar Jibiya a shekarun nan da kuɗin mai suka cika ƙasa, ka ga jakuna suna zagawa ta bayan Magama da jarkoki a ƙarƙashin buhunan dusa. Ka ga ana zura tiyo a tankin motar hukuma da rana tsaka, ka kau da kai, ka ci gaba da kurɓar shayinka. Ka ce ai fetur ya fi ruwa araha a ƙasar nan, in an kai wa mutanen Maraɗi kaɗan wa aka cuta? To, gyara zama ka ji wadda aka cuta. Sunanta Luba.

Matar wani manomi ce, Rabe, daga Gangara. Haihuwa ta zo mata da gardama, aka kawo ta a amalanke ɗakin shan magani da ke bayan tasha. Ungozoma ta duba ta ce wannan sai Katsina. Aka kwantar da ita a motar ɗaukar marasa lafiya, direba Sila ya murɗa makulli, allurar agogon mai ta tashi ta tsaya a kan cike. Ba su kai Daddara ba motar ta yi tari ta mutu. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya babu kowa. Kafin wata akori-kura ta ɓullo Luba ta cika, ita da abin da ke cikinta, kanta a kan cinyar uwarta Nagoggo. Da aka zura karan dawa a tanki, a bushe ya fito.

Gari bai ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. Sila baƙo ne daga kudancin Zariya, Kirista, ba shi da ɗan'uwa ko suruki a Jibiya. Wa ke riƙe da makulli? Shi. Mutanen da su kansu suke warin fetur su ne suka fi ɗaga murya a ƙofar caji ofis, suna cewa a miƙo musu shi.

*

Lawwali Mai-waya yana kwance a ƙarƙashin wata kamyo, babbar motar kaya, lokacin da ya ga ƙafafun mace sun tsaya a bakin rumfarsa. Ubansa mai bin sawu ne, wanda in an kora shanu daga Riko yakan bi su har cikin Gobir ya dawo da su. Lawwali ya taso yana bin bayansa, amma kafin ya girma ɓarayi sun koma loda shanu a mota, sawu ya ƙare a bakin kwalta. Sai ya tafi Kano ya koyi wayar mota, ya dawo yana bin waya kamar yadda tsoho ke bin ƙasa. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. A bayan rumfar yake kwana. Direbobi sukan kawo masa aiki, su biya, su tafi. Ba mai son hira da mutumin da ya fi kallon ƙafarka a kan fuskarka.

Mutum ɗaya ne ke zama da shi: Bawa baduku, mai rumfa a gindin bishiyar bedi kusa da ɗakin shan magani. Kullum bayan azahar Bawa zai zo da ƙwaryar fura, su sha, ya tsokane shi da gwauranci, ya zauna yana kallon aiki. Har wata rana Lawwali ya nuna masa yadda ake gwada agogon mai: ka cire wayar da ta fito daga tanki, ka taɓa ta a ƙarfen mota, in agogon na da rai allura za ta haye can sama. Bawa ya yi ta dariya yana cewa ashe ƙarfe ma shina ƙarya. Shi ne kuma ya naɗe masa ƙotar sukudirebansa da jan zaren fata, kyauta, don ya ce kunya yake ji a ga abokin baduku da kayan aiki tsirara.

Lawwali ya jawo jiki ya fito. Maryamu ce, matar Sila, idanunta sun kumbura.

"Sannu da aiki, Malam Lawwali."

"Sannu, baiwar Allah. Mi anka ce?"

"An ce jibi za a kai shi Katsina. Masu ruwa sun daina kawo mana ruwa. Jiya an jefi rufinmu. Ya rantse mini allurar a sama take. Ba wanda ya yarda. An ce kai ka san abin nan."

"Na san waya. Ban san mijinki ba."

"To, tambayi wayar."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ɗauki jakarsa.

*

Sajen da ke riƙe da maganar mutumin Gusau ne, ya gaji da hayaniyar ƙofar ofis, don haka ya bar Lawwali ya ga Sila. Sila yana zaune a ƙasa, leɓensa a fashe.

"Yaushe rabonka da zuba ma motar mai?" in ji Lawwali.

"Tun farkon wata. Na cika ta. Daga nan ba ta fita ba sai ranar."

"Kana duba ta?"

"Kowace safiya. In tayar da ita ta ɗan yi zafi, in kalli allura, in kashe. Kullum a sama."

"Kullum kana ƙona mai, kullum a sama. Bai ba ka mamaki ba?"

"Na ɗauka ɗan abin da nake ƙonawa bai kai ya motsa ta ba," in ji Sila a hankali. "Malam, ina jin muryar matar nan har yanzu. Tana cewa direba ka yi sauri. Ina murɗa makulli, ina kallon allura, tana ce mini cike. Da na san babu, da na tsaya a gidan mai, ga shi nan a bakin tasha."

"An ga jarka a hannunka."

"Kananzir ne. Na risho."

*

An jawo motar an ajiye a harabar ɗakin shan magani. Lawwali bai taɓa komai ba sai da ya zagaya ta, kamar yadda ubansa kan zagaya turken da aka kwance saniya. Sannan ya shiga, ya zauna a kan sabuwar rigar kujera ta fata, ya murɗa makulli. Tanki wayam, amma allura ta tashi a hankali ta tsaya a kan cike.

Saje ya leƙo. "Ka ga tsiya. Ashe lalacewa ta yi?"

"Tukuna, ranka shi daɗe. Ko lalacewa ta yi, man bai fita da ƙafarshi ba."

Abu uku ke sa allura ta yi haka, Lawwali ya sani. Ko ɗan abin da ke iyo a kan mai cikin tanki ya maƙale a sama, ko waya ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, ko agogon kansa ya mutu. Ya fara daga tanki. Ya zare wayar daga kanta. In laifin tanki ne, allura za ta faɗi. Ba ta motsa ba. Ya kwanta a ƙasa ya bi wayar da yatsa, taƙi bayan taƙi, ta gefen ƙarfen ciki, ta bayan taya, har inda ta shige gaban mota. Ko ƙwarzane babu. Ƙurar da ke kanta ma ba a taɓa ba.

Ya buɗe akwatin fis, inda wutar mota ke rarrabuwa. Ɗaya an naɗe shi da farar takardar kwalin taba mai ƙyalli, da guntun rubutun Faransanci a jiki. Saje ya yi tsalle.

"Tabar hayin iyaka! Wa ke shan irin wannan a nan?"

"Mai gadi," in ji wani daga cikin 'yan kallo.

Lawwali ya ce yana so ya kwance allon gaban direba. Saje ya ce wannan sai gobe, in babbansu ya yarda, don motar shaida ce. Yanzu dai a nemo mai gadi.

*

Ɗanmaraya mai gadin ɗakin shan magani tsoho ne, tsohon sojan Faransa, ido ɗaya ya yi fari. Da ya ji abin da ake zarginsa da shi sai ya yi dariya har ya shaƙe.

"Ni na naɗe shi, ba na musu. Tun bara. Ham ya daina kuka, Sila ya ce babu sabon fis a sito, na ce kawo in nuna maka yadda muka yi a Agadas."

Lawwali ya zare fis ɗin ya danna ham. Shiru. Ya kalli allura, tana nan a sama. Gefen takardar ma ya yi baƙi don tsufa.

"Gaskiya ya hwaɗi. Wanga na ham ne." Ya juya ga tsohon. "Baba, ban da Sila, wa ka shiga motar ga?"

"Babu kowa. Yara in sun matso sanda nika bi su da ita. Sai fa Bawa, da anka ba shi ɗinkin rigunan kujeru. Shi ko ai na gida ne. In ya zo ma sai in bar mashi wurin in tahi in ɗan miƙe baya."

Lawwali ya ji maganar ta wuce ta kunnensa, ya bar ta ta wuce.

Daga nan ya nemi Nagoggo, uwar Luba, a gidan da suka sauka zaman makoki. Ita ce ta ce ta ga direba da jarka.

"Inna, wace irin jarka?"

"Ƙarama, mai ɗaukar kwalba huɗu ko biyar. Ni na ce na gani, su sunka ƙara sauran." Ta dube shi da busassun idanu. "Ɗan nan, da motar ta tsaya, direban nan ya fita da gudu tsakiyar hanya shina ɗaga hannu shina kuka kamar yaro. Na hwaɗa masu wannan ma. Ba wanda ya so ji. Ni ba ramuwa nika so ba. So nike in san wa ya kashe mani ɗiya, kar in je gaban Allah ina tsine ma wanda bai yi ba."

*

Bayan azahar Bawa ya zo da ƙwarya kamar kullum.

"Sarkin gwauraye! An ce ka zama ɗan sanda. Sai a ɗinka maka hula."

"Duba mota kawai nika yi."

"Sha, ta ji nono yau." Bawa ya miƙa masa ludayi. "Ni dai shawara nika ba ka. Gari ya riga ya yi magana. In ka wanke baƙon nan, wa za ka shafa ma? Kowa a tashar ga hannunshi na wari. Ka ce masu agogo ne ya lalace, a sake shi, kowa ya huta."

"In na ce haka, man fa?"

"Mai ai na gwamnati ne. Gwamnati ta san iyakarshi?"

Lawwali ya sha ludayi biyu ya ajiye. Bawa, wanda bai taɓa barin fura a ƙwarya ba, ranar ya bar fiye da rabi.

*

Washegari da hantsi aka ba da izini. Lawwali ya ce a ba shi wuri, ya shiga shi kaɗai. Ƙusoshin allon sun kwance da sauƙi, kan biyu daga ciki yana ƙyalli inda ƙarfe ya taɓa su kwanan nan. Ya jawo allon ya kifa shi a gwiwarsa. Wayoyi sun fito a dunƙule, kowace da launinta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: ta agogon zafi, ta fitilar batir, ta fitilar da ke haska allon. A bayan agogon mai akwai ƙafa biyu ta ƙarfe inda ake ɗaura waya, kowace waya ɗaya ya kamata ta ɗauka. Ta tanki tana ɗauke da biyu.

Baƙuwar wayar gajeriya ce, ba ta fi tsawon yatsa ba, irin wadda ake yarwa a ƙasan rumfarsa. An maƙala bakinta a ƙafar agogon, aka ɗaure ɗaya bakin a wata ƙusa ta jikin ƙarfe. Muddin tana nan, ko ruwa babu a tanki allura cike za ta ce.

Mai gyaran mota da baƙin salatif zai rufe mahaɗin. Ɓarawon gaggawa zai bar shi tsirara. Wannan an naɗe shi da jan zaren fata, siriri, zagaye a jikin zagaye ba tazara, aka cusa jelar a ƙarƙashin naɗin aka ja ta ɓace. Aiki ne na hannun da ba ya iya barin bakin abu a buɗe, ko a inda ba mai gani.

Lawwali ya kalli sukudireban da ke hannunsa. Ta gilashi yana hango gindin bedi, Bawa ya sunkuya a kan wani kube yana aiki. Ya tuna ubansa, ranar da sawu ya kai su ƙofar gidan wani da suke gaisawa. Tsoho ya cire takalmi ya yi sallama. A lokacin Lawwali yana yaro, bai san abin da sallamar ta ci wa tsoho ba.

Zai iya fizge wayar ya sa a aljihu. Ba wanda zai sani. Yau bayan azahar fura za ta zo. Gobe a kai Sila Katsina.

Ya mayar da allon yadda yake, bai ɗaure ba, ya fita ya ce wa Saje a tara mutane.

*

Aka taru a harabar. Saje da mai unguwa a kan benci, Sila da ankwa, Maryamu a bayansa. Ɗanmaraya ya dogara sandarsa. Rabe da Nagoggo suna gefe. 'Yan tasha sun cika bakin katanga. Bawa ya taso daga rumfarsa da basilla a hannu, ya tsaya a baya.

Lawwali ya murɗa makulli ya ce mai unguwa ya leƙa.

"Cike," in ji mai unguwa.

"Tanki kuwa kun ga babu ko ɗigo. Ba takardar taba ba ce, wannan ta ham ce. Ba tanki ba ne, ba agogo ba ne." Ya jawo allon ya juya bayansa ga jama'a, ya sa bakin sukudireba ya kwance ƙusar. Allura ta sulale ta kwanta a ƙasa. Wani ya yi salati.

"Wani ya zuƙe man, ya sa wagga waya don kowace safiya direba shi ga cike."

"To ai shi direban ya sa!" wani ya yi ihu daga katanga.

"Mutum shi ɗaure ma kanshi ido, sannan shi ɗauki mai naƙuda shi kama hanya?" Lawwali bai ɗaga murya ba. Ya cire wayar, ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya ajiye ƙotar sukudireban kusa da ita, ya miƙa wa mai unguwa. "Ranka shi daɗe, dubi naɗin nan biyu."

Mai unguwa ya duba. Ya sake dubawa. Babu mai wuƙa ko laya a Jibiya da bai san wannan naɗin ba. Kawuna suka fara juyawa baya ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na nuna mashi yadda allura ke hawa," in ji Lawwali. "Shi kaɗai na taɓa nuna ma. Shi kaɗai ke zama wurina."

Basilla ta faɗi daga hannun Bawa.

"Lawwali," ya ce. "Ni?"

"Kai, Bawa."

"Motar ba ta zuwa ko'ina! Kwana nawa tana tsaye? Na ce in an kwana biyu in cire wayar, a ce yoyo tanki ke yi." Ya juya ga 'yan katanga. "Ku mi kuke kallo? Wa ya ara mani tiyo? Jakin wa ya kai jarkokin Ɗan Isa, hayin iyaka? Wa bai yi ba a cikinku?"

Katangar ta fara raguwa, mutum ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki.

Rabe ya yunƙura, Nagoggo ta riƙe masa riga. Ta taka har gaban Bawa ta dube shi. Sai ta juya ga Sila, ta ce, "Ɗan nan, ka yahe mani."

Saje ya kwance ankwa daga hannun Sila ya mayar a hannun Bawa.

*

Kana tsammani an gode wa Lawwali? Sila da Maryamu sun zo sun durƙusa a rumfarsa, kuma kafin wata ya ƙare sun nemi canjin wurin aiki sun bar garin. Direbobin hayi suka ɗauke aikinsu suka kai wa wani a Magama, wai mutumin da ya tona abokinsa ba a bar shi ya leƙa ƙarƙashin mota. A masallaci akan ba shi hannu a gajarce. Jakuna kuwa ba su fasa ko kwana ɗaya ba.

Bayan azahar yakan sayi fura ya zauna a kan tsohuwar taya, ya sha rabi, ya rufe sauran. Sukudireban yana nan a jakarsa da jan naɗinsa. Ya taɓa ɗaukar reza zai yanke, ya fasa.

Saura kai. Bawa ɗaya aka ɗaure, amma tiyon na wani ne, jakin na wani ne, idanun da suka kau na gari ne gaba ɗaya, har da naka. Akwai motar asibiti a garinku, tana tsaye a ƙarƙashin wata bishiya yanzu haka. Kada ka tambayi direba, kada ka yarda da allura. Tashi ka je, ka sa a buɗe tankin a gabanka, ka zura kara da hannunka. In ya fito a bushe, ka tsaya a wurin ka ɗaga murya, ka kira sunan wanda ka sani, ko da shi ne mai kawo maka fura.